Marar Madubi ko Ta Aljihu? Jagorar Sayen Kyamara ga Mutanen Isa da Sabon Birni

Wanda ya tara kuɗi zai sayi kyamara a yau, kusan kullum tsakanin iri biyu yake tsayawa yana wasi-wasi. Akwai marar madubi, wadda ake cire mata gilashin gaba a sauya da wani. Akwai kuma ta aljihu, wadda gilashinta a haɗe yake da jikinta har ƙarshen rayuwarta. Mai shago a Kano ko Sakkwato zai yi ta jera maka lambobi, ya ce wannan megafiksel kaza ce, waccan tana janyo nesa sau kaza. Ba zai tambaye ka ƙurar garinku ba, ko awa nawa kuke samun wuta, ko nisan da ke tsakaninka da mai gyara. A Isa da Sabon Birni kuwa, waɗannan abubuwa ne ke yanke hukunci, tare da tambaya guda: kyamarar nan ita za ta ciyar da kai, ko kai za ka riƙa ciyar da ita?

Mene ne bambancinsu?

Manyan kyamarorin da aka saba gani a hannun masu hoto, wato DSLR, suna da madubi a ciki. Shi ke karkatar da haske zuwa maleƙar da mai hoto ke kanga ido a kai, in an danna sai ya ɗaga, haske ya wuce. Marar madubi ta yar da wannan madubin. Haske na shiga kai tsaye ya sauka a kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto, abin da sensar ta gani kuma shi kake gani a allo. Shi ya sa ta fi DSLR ƙanƙanta da rashin nauyi. Kamfanin Panasonic ne ya buɗe wannan kasuwa da Lumix G1 a 2008. Sony ya fito da A7 a 2013, sannan Canon da Nikon suka shigo da ƙarfinsu a 2018 da jerin EOS R da Z. Yanzu sababbin kyamarori da gilasan waɗannan kamfanoni kusan duk na marar madubi ne.

Ita ma ta aljihu ba ta da madubi, amma ba a buɗe ta. Wayar hannu ta kusa kashe kasuwarta. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120, mafi yawansu na aljihu, amma daga 2020 adadin duka ya faɗi ƙasa da miliyan 10 a shekara. Waɗanda suka rayu su ne masu yin abin da waya ba ta iyawa. Sun kasu uku: masu babbar sensa, irin su Sony RX100 da Canon PowerShot G7 X, masu janyo nesa sosai, irin jerin Panasonic Lumix TZ da ke janyowa har sau 30, da masu jure wahala, irin Olympus Tough TG-6 da ƙanwarta OM System TG-7, waɗanda ruwa da ƙura ba sa shigarsu.

Girman sensa ya fi yawan megafiksel

Wannan shi ne abu na farko da mai saye zai riƙe. In ana ruwan sama ka ajiye moɗa da babbar roba a tsakar gida, ai ka san wadda za ta fi tara ruwa. Haka sensa take da haske: mai faɗi ta fi tara shi, hoto ya fita tas ko da wurin da duhu.

Ƙananan kyamarorin aljihu suna da sensar da ba ta wuce kusan milimita 6 da 4.5 ba. Masu daraja irin RX100 da G7 X suna da wadda ake kira ta inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, kusan ninki huɗu ke nan. Yawancin marasa madubi na masu farawa suna da APS-C, kusan milimita 23.5 da 15.6, wadda ta ninka ta inci ɗaya sau uku, ta ninka ƙaramar kusan sau 13. Manyan na ƙwararru kuma milimita 36 ne da 24.

A ina za ka ga amfanin wannan? Ka ɗauki dattijo Bagobiri sanye da farar babbar riga da farin rawani, a tsaye cikin ranar azahar. Ƙaramar sensa zaɓi ɗaya za ta yi: ko dai ta gyara rigar fuska ta yi baƙi ƙirin, ko ta haska fuska rigar ta ƙone fat, aikin wuyan da aka biya maɗinki ya ɓace. Babbar sensa tana iya riƙe duka biyun, a ga zaren aiki a riga, a ga zanen Gobirci a kumatu. Haka nan da daddare a wurin biki, inda ƙwan sola ɗaya ne ke haska tsakar gida: hoton ƙaramar sensa zai fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi, fuskoki su dagule.

Megafiksel kuwa kada ya ruɗe ka. Hoto mai girman inci 8 da 10, in za a wanke shi da kyau, megafiksel 7 da ɗoriya ya ishe shi. Na inci 4 da 6 bai buƙatar fiye da 2 da 'yan kai. Kyamarorin zamani masu suna kusan duk suna da 20 zuwa sama. Ka kuma yi hattara da ƙananan kyamarori marasa sanannen suna da ake rubuta wa manyan lambobi a kwali, a ce megafiksel 48 da bidiyon 4K a kan kuɗi kaɗan. Sensarsu 'yar mitsitsiya ce, kumbura hoton kawai ake yi. Wayar da ke aljihunka ta fi su. Araha ba ta ado.

Wane aiki za ta yi maka?

In sana'a za ka yi, wato biki da suna da walimar sauka da naɗin sarauta da hoton fasfo, marar madubi ce taka. Dalilai uku ne. Na farko, gilashi. Wanda ake sayar da ita da shi yana yin aikin yau da kullum, amma ranar da ka ƙara gilashi mai milimita 50 da buɗewar f/1.8, za ka ga hoton amarya ya fito daban, ita a fili, bayanta a lulluɓe. Na biyu, filas. A saman yawancin marasa madubi akwai mazaunin da ake ɗora babban filas, ka juya kansa ya bugi silin ko bango, haske ya dawo a hankali ba tare da ya ƙona goshin mutane ba. RX100 VII da G7 X Mark III ba su da wannan mazauni, sai ɗan filas ɗinsu da ba ya kai nisa. Na uku, saurin kama abu mai motsi. Sony a6000, duk da tun 2014 ta fito, tana ɗaukar hoto 11 a cikin daƙiƙa guda, abin da ake buƙata ke nan a filin kokawa bayan kaka, ko wurin sukuwar dawaki.

Ke ma 'yar'uwa, wannan sana'a tana jiranki. Ranar wuni da ranar kamu, mai hoto namiji iyakarsa zaure, mata kuma sun fi sakin jiki a gaban mace. Marar madubi ƙarama da gilashi guda da filas guda sun ishe ki ki riƙe bukukuwan unguwa, kuma ba ta da nauyin da zai gajiyar da wuya.

In bidiyo ne ya fi yawa a aikinka, kamar tafsirin azumi ko wa'azi ko taron siyasa, duba abu biyu kafin komai. Akwai ramin makirufo? Sony a6000 ba ta da shi, a6400 da ZV-E10 da Canon M50 suna da shi, haka ma G7 X Mark III da Sony ZV-1 a cikin na aljihu. Mutane suna haƙuri da hoto mai rauni, amma ba sa haƙuri da muryar malam da iska ta cinye. Sannan tsawon ɗauka: tsofaffin kyamarori da yawa suna tsayawa da kansu kafin minti 30, ciki har da a6000 da M50, amma a6400 ba ta da wannan iyaka.

In kuwa kai malamin gona ne, ko ma'aikacin lafiya, ko ɗan jarida, ko ɗalibi, kana kan babur daga ƙauye zuwa ƙauye kana tattara shaidar aiki, ta aljihu ta fi dacewa da kai. RX100 da G7 X nauyinsu kusan giram 300 ne, suna shiga aljihun gaba na kaftani. Wanda zai ɗauki hoton gonakin da gulbi ya cinye da damina, yana tsallaka ruwa da taɓo, TG-6 ko TG-7 ce tasa: an gina su su shiga ruwa har zurfin mita 15, su kuma jure faɗuwa daga kusan mita 2. Sensarsu ƙarama ce, da rana suke aiki mai kyau, amma ba sa mutuwa da wuri. Suna kuma iya matsawa kusa da abu ƙwarai, har a ga ƙwaron da ke cin ganyen wake.

Mai son adana tarihi, wanda zai bi gidajen malamai yana ɗaukar tsofaffin takardun ajami, ko ya ziyarci kufan Alƙalawa, tsohon birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ko wanne iri zai yi masa muddin sensar ta kai inci ɗaya. Abin da ya fi buƙata shi ne ƙafar da ake kafa kyamara a kai, da inuwa mai haske, domin kada hannu ya girgiza rubutu ya dushe.

Ƙura, zafi da wuta

Da hunturu, ƙura ce babbar abokiyar gaba. Marar madubi da zarar ka cire gilashi, sensarta a fili take. Ka sauya gilashi a bakin kasuwa sau biyu, sai ka fara ganin ɗige-ɗige baƙaƙe a sararin sama cikin duk hotunanka. Maganinsa shi ne ladabi: ka shiga ɗaki ko mota, ka kashe kyamara, ka kifa bakinta ƙasa, sabon gilashin yana hannunka a shirye, ka sauya cikin daƙiƙa kaɗan. Ka sayi ɗan famfon roba mai hura iska. Kada ka hura da baki, kada ka goge sensa da gefen riga.

Ana ɗauka ta aljihu ta tsira daga wannan, alhali in ban da masu jure wahala, ba haka ba ne. Gilashinta da ke fitowa yana komawa duk lokacin da aka kunna ta yana zuƙar ƙura a hankali. In ƙura ta kai sensa, ba ka da hanyar share ta sai an kwance kyamarar gaba ɗaya. In ƙwayar yashi ta maƙale a hanyar gilashin, sai ya tsaya a rabi, kyamara ta ƙi aiki. Ke nan marar madubi ta fi saurin ɗaukar ƙura amma ana share ta a gida, ta aljihu ta fi jinkiri amma in ta kamu sai mai gyara. Ko wacce ka saya, ka ajiye ta cikin jaka mai zif, in za ka hau babur ka ƙara da leda.

Zafi ma abin lura ne. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa kyamararsu tana aiki tsakanin digiri 0 da 40, ga shi kuma da bazara zafin ƙasar Sakkwato yana haura 40. Hoto ba ya cika damuwa, amma dogon bidiyo, musamman 4K, yana sa ƙaramar kyamara ta yi zafi ta kashe kanta. Ka nemi inuwa, ka janye allon daga jikinta ta sha iska, ka ɗauka a 1080, wanda ya ishi Facebook da WhatsApp. Kada ka bar ta a cikin rufaffiyar mota. Sannan a irin ranarmu allo ba ya ganuwa sosai, saboda haka maleƙa tana da amfani. Sony ZV-E10 da Nikon Z30 da G7 X Mark III ba su da ita, a6000 da a6400 da Canon R50 da Nikon Z50 suna da ita.

Sai batun wuta. Iri biyun nan duk masu shan batir ne, domin allo da sensa a kunne suke koyaushe. A ma'aunin kamfanoni, a6000 tana ɗaukar hoto kusan 360 a caji guda, M50 da G7 X Mark III kusan 235. Ka kwatanta da DSLR irin Nikon D3500 mai kai 1,550. Mai zuwa biki da batir ɗaya, kafin a kai amarya ya zama ɗan kallo. Ka sayi batir uku. Ka kuma tambaya ko ana cajinta ta wayar USB, yadda za ka jona ta da abin cajin tafi-da-gidanka ko ƙaramar sola. A6000 da RX100 suna yi, M50 ba ta yi, sai da cajarta ta bango.

Idon jama'a

Halin tsaro a gabashin Sakkwato ba ɓoyayye ba ne. Babbar kyamara mai dogon gilashi a rataye a wuya tana jawo ido: wani ya ga dukiya, wani ya ga mai kai rahoto. A nan ta aljihu tana da fifiko na gaske, domin ka fito da ita ka ɗauka ka mayar ba tare da ka tara jama'a ba. Amma ƙanƙantarta ba lasisin ɗauka a ɓoye ba ce. Kada ka nuna kyamara ga shingen jami'an tsaro ko motocinsu. In ka shiga ƙauyen da ba a san ka ba, fara da gidan maigari, ka gaishe shi, ka ce, “Ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo ni.” In tsohuwa ce a bakin rumfa, “Inna, kin yarda in ɗauke ki?” In ta ce a'a, ka yi godiya ka wuce. Hoton matan aure da na yara kuma ba a sa shi a intanet sai da yardar masu gida.

Kada kuma ka dogara da intanet wurin ajiya. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Hotunan mutane amana ne: ka ajiye su wuri biyu, a katin memori da kuma kwamfuta ko wata ma'ajiya ta daban, kafin ka goge komai.

Lissafin kuɗi

Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, farashin kayan waje ba ya tsayawa wuri guda, saboda haka ka tambayi shaguna uku kafin ka shirya tafiya. Abin da ba ya sauyawa shi ne tsarin lissafin. Ta aljihu kuɗinta kusan sau ɗaya ne: ita, da batir na biyu, da katin memori, da jaka. Marar madubi kuwa jikinta somin taɓi ne. Akwai gilashi, akwai filas da baturansa, akwai ƙafa, akwai makirufo. Wanda ya zuba duk kuɗinsa a jiki mai tsada ya dawo gida da gilashi mai rauni, ya yi asara. Gara matsakaicin jiki na hannu da gilashi mai kyau.

Ka kuma sani cewa gilashin kowane kamfani da irin bakinsa. Na Sony ba ya hawa Canon. Ko a cikin Canon, gilasan M50 ba sa hawa jerin R, kuma kamfanin ya daina yin jerin M, don haka mai sayenta ya san cewa ba sabon gilashi da Canon zai ƙara fitarwa dominta. Wanda yake da tsofaffin gilasan DSLR na Canon ko Nikon kuwa bai yi asara ba, akwai zoben haɗi da ke ɗora su a kan sababbin marasa madubi na kamfanin. Kuma kada ka ɗauka ta aljihu ce mai araha a koyaushe. Sabuwar RX100 VII ta fi marasa madubi da yawa tsada.

Ranar saye

Daga Isa, ko ka nufi Sakkwato, ko ka bi ta Shinkafi da Ƙauran Namoda da Gusau ka wuce Kano, ko ka yi aike Abuja ko Legas. Duk inda ka bi, mai gyara ba kusa yake ba, saboda haka gwaji a gaban mai shago wajibi ne. Ka tafi da katin memorinka, ka bi waɗannan matakai:

1. Ka sa lambar buɗewar gilashi a f/16, ko mafi girman lambar da kyamarar ta yarda, ka ɗauki farin bango ko sama, ka faɗaɗa hoton a allo. Ɗige-ɗige ƙura ce. A marar madubi ana sharewa, a ta aljihu dalilin fasa ciniki ne.
2. Ka haska cikin gilashi da fitilar waya. In ka ga wani abu kamar yanar gizo, fumfuna ce, yawanci kayan da suka zauna a wuri mai laima ne.
3. Ta aljihu, ka kunna ka kashe sau da yawa, ka janyo nesa ka mayar. In gilashin yana ƙugi ko yana tsayawa, bar ta.
4. Ka ɗauki fuskar mutum a cikin shago da kuma a rana, ka ga ko idanu sun fito tas.
5. Ka ɗauki bidiyo na minti goma, ka taɓa jikinta, ka saurari muryar.
6. In kana da filas, ka ɗora shi ka gwada. Mazaunin Canon R50 sabon salo ne, tsofaffin filas da yawa ba sa aiki a kai sai da abin haɗi.
7. Ka duba ramin batir ko akwai tsatsa, ka duba kusoshi ko an taɓa kwance su.
8. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamara, ku kuma yi magana a kan kwanakin da za ka iya dawo da ita.

Katin memori ma ana yin na jabu. Ka saya a shagon da ka yarda da shi, kuma gara kati biyu matsakaita da babba guda ɗaya.

Hukunci

Mai neman abinci da hoto ya sayi marar madubi mai sensar APS-C, mai maleƙa da mazaunin filas, ko da ta hannu ce, ya ware wani kaso na kuɗinsa domin gilashi da filas da batir. Mai yawo a kan babur, wanda ke son abin da ba ya jawo ido, ya sayi ta aljihu mai sensar inci ɗaya, ko mai jure ruwa da ƙura in aikinsa na fadama ne. Wanda kuɗinsa bai kai ko ɗaya cikin waɗannan ba, kada ya sayi ƙaramar kyamarar da ba ta fi wayarsa ba. Ya ci gaba da koyon haske da tsayuwa da wayar da ke hannunsa, ya bi wani mai hoto na garin yana riƙe masa jaka, har Allah ya hore masa kuɗin ta gari. Siyan na gari, mayar da kuɗi gida.